Jan Ɗigon Mai Keke

Shekara talatin Mai Keke ya yi yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shagon da mutum biyu ba sa iya juyawa a cikinsa. Taurin kai kuwa kamar shi ya ƙirƙiro shi, ko zare ba ya yarda a zura masa. Yana da wata ɗabi'a: duk keken da ya gyara sai ya kifa shi ya ɗiga masa jan fenti a ƙasa, don in ya dawo ya gane aikinsa.

Ɗigon nan ne ya nemi ya ɗaure shi. Ya sayi tsohon keke a hannun wani baƙo, ashe sato shi aka yi daga shagon wata tela da ya taɓa yi wa gyara.

A kotu, lauyan gwamnati ya yarda cewa ganin kayan sata a hannun mutum bai isa ba, sai an nuna ya san na sata ne. Sannan ya kifa keken a kan tebur.

"Baba, wannan fentin na waye?"

"In ja ne, nawa ne."

"Wato ka ga alamarka, ka san keken yana da mai shi, amma ka saya."

'Yar Mai Keke tana zaune a bencin baya, ita da ta sha rantsuwa cewa ranar da lafiyarsa ta taɓu za ta rufe shagon. Shekara biyu ke nan idonsa ya dushe, da yatsu da kunne yake aiki, bai gaya wa kowa ba. In ya yi shiru, gidan yari ne da sunan ɓarawo. In ya yi magana, shagon ya tafi.

"Ranka ya daɗe, ban gani ba," ya ce. "Kai ma ba ganinka nake yi ba, muryarka nake bi."

Alƙali ya sa likita ya duba shi, aka tabbatar, aka sallame shi.

A saman matakalar bakin kotu 'yar ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

"Baba, kawo makullin."

Ya daɗe yana lalube a aljihu, alhali ya san inda yake. Da ya miƙa mata, bai janye hannun ba, ya bar shi a cikin nata.

"Matakalar nan guda nawa ce?" ya tambaye ta.