Munduwar Ƙafata a Gonar Baba Nomau

Wata Laraba da hantsi, shekarar da ruwa ya ɗauke gero na iya gwiwa, Baba ya shigo gidanmu a Unguwar Lalle da dogon kwali ɗaure a bayan babur. Shekarata goma sha ɗaya, ina taya Inna surfe. Sanmu na huɗa ya bai wa wani ɗan kasuwa a Burkusuma, ya karɓo injin neman zinariya: sanda mai faifai a ƙasa, da abin sawa a kunne. Sai dai kunnen Baba ya yi nauyi tun wani zazzaɓi, ƙannena kuma ƙanana ne. Ya dube ni ya ce, "Balki, ke za ki zan kunnena."

Kwana huɗu muna koyo a tsakar gida. Ya binne ƙusa da cokali da ɗankunnen Inna, ni kuma ina lilo da faifan dab da ƙasa, hannu a miƙe, ina rarrabe kuka: na ƙusa da kaushi, na ɗankunne siriri. Aka ɗauke mini ɗiban ruwa da shara, ƙawayena na leƙe ta danga, na fara jin kaina.

Muka bi gonakin da suka ƙone, ba mu tono komai ba sai guntun hauya da gwangwani. Rannan muka gangara kwari, gonar Baba Nomau, kawun mahaifina, inda kaɗai gero ya rage kore. Shukar ta yi duhu, dole na janyo faifan kusa da ƙafafuna. Sai ga siririn kukan nan. Na ƙara taku, ya sake. Na ce, "Baba, ga ta nan."

Baba ya durƙusa gaban Baba Nomau yana roƙon ya bari a tona. Tsohon ya daɗe yana duban geronsa, sannan ya ce, "In ɗiyar ga ta ji, ku tona."

Baba ya kirawo maza. Suna cikin sara da diga na zauna bakin gona, abin yana kunnena. Na miƙe ƙafa kusa da faifan, ya yi kuka. Na janye, ya yi shiru. Ashe munduwar tagulla ce da ke ƙafata. A lokacin kunya biyu kacal aka tuge, da na buɗe baki da ɓarnar ta tsaya nan. Amma maza bakwai ke tona a kan maganata, ana ce mini mai kunnen arziki. Na ja zane na rufe ƙafar.

Kwana uku suka yi, ba komai sai jan ƙasa da tsakuwa, rabin gonar ya tafi. Da tsohon zai wuce ya dafa kaina ya ce, "Kin sha rana, ɗiyata, tafi gida ki huta." Abin da ya girbe bai kai shi rani ba. Baba ya rabu da injin, ya tafi cin rani yana ciyar da gida biyu. Sai bayan rasuwar tsohon na gaya wa Baba gaskiya. Ya ce, "Ni na ɗora miki abin da ya fi ki."

Yau ina koyarwa a Sakkwato, hanyar gida ba ta biyuwa yadda ake so, na daɗe ban ga kwarin nan ba. Idan yarinya ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malama, na yi kuskure," nakan tsaya ina kallonta. Ni na kasa, alhali tsohon yana zaune taku goma daga inda nake.