Ranar da Na Hana Yayana Hawa Bishiya

Shekarun baya, lokacin ina sabon shiga farautar barewa, akwai wani abokina mutumin Nijar da ke da shago a unguwar Tremont ta Bronx, a ƙasar wajen da muke zaune. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa, kuma shi ya koya mini komai, har yadda ake hawa bishiya da wata kujerar ƙarfe ta maharba mai cizon ɓawon icce, ka ɗaga sama ka ja ƙasa har ka yi nisa, ka zauna dakon barewa.

Wata Asabar da sanyi ya kama muka bar Bronx muka nufi dajin arewa. Yaya ya hango wata bishiya miƙaƙƙiya, ba reshe a ƙasa, ga sawun barewa birjik a gindinta. Ya fara ɗaura kujerarsa yana murmushi.

Can ƙasarmu ganye muke kallo mu san bishiya na da rai. Nan kuwa lokacin farauta duk daji tsirara yake, mai rai da matacciya kamarsu ɗaya. Sai na taɓa ɓawon, ya ɓanto a hannuna kamar busasshen burodi, ga ƙananan huji ko'ina. Na ƙwanƙwasa, na ji sauti kamar ganga.

Na ce, "Yaya, wannan ta mutu."

Ya ce, "Sanyi ne, kai. Winter ko wace bishiya haka take. Matsa."

Ni da ko shayi ba na sha kafin ya sha, ban san sanda na zauna a kan kujerar ba, na rungume ta ƙam. Ƙato da gemu, zaune a ƙasa kamar yaron da aka hana alewa.

Ya ce, "Bon, to yau kai za ka koya mini daji?"

"Ba koya maka zan yi ba, Yaya. Amma wallahi ba zan koma in tsaya gaban iyalinka in ce ina kallo ka hau ba. Sai dai ka ɗaga ni da ita."

Muna cikin haka wata barewa da ta tunkaro ta ji mu ta arce. Ya kwance kujerarsa muka juyo gida. Watanni ya yi yana amsa sallamata a masallaci a daƙile, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don a garin nan ba ni da wani babba sai shi. Duk da haka ban ba shi haƙuri ba.

Har yau ban san ko da bishiyar ta karye da shi ba in da ya hau. Abin da na koya shi ne, girmama babba bai haɗa da yi masa shiru a gindin mataccen icce ba.

Da bazara ta shigo sai ga wayarsa. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Ka shirya Lahadi. Za mu je mu zaɓi bishiyoyi tun da ganyensu. Kai za ka zaɓa."