Ƙofar da Ta Kalli Rumfa

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lafiya, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata ta tsakiyar bazara, da Inna Tumba mai sharar asibitinmu ta jingine tsintsiya, ta zauna a bencin marasa lafiya, ta ce tana da magana da ni. Ku da kuka shigo aiki yanzu, musamman waɗanda za a ba riƙon asibiti, za ni ba ku labarin daki-daki yadda ya faru.

A lokacin ni ne Incaj na wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke gaba da Gangara. Ga wanda bai san tsarin ba, Incaj shi ne ma'aikacin da ƙaramar hukuma ke danƙa wa asibitin ƙauye. Ba likita ba ne. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke raba aiki, shi ke kai rahoto Sabon Birni ƙarshen wata. Mu biyar ne a wurin: ni, da mai ba da kati da magani, da Baba Nomau maigadi, da Inna Tumba, sai Malama Saratu unguwarzoma.

Malama Saratu mutuniyar Tozai ce, ɗiyar gidan malamai. Aure ya kawo ta ƙauyen, mijinta malamin firamare ne. Kafin ta fara aiki da mu, matan wurin ba su zuwa awo, don babu wadda za ta kwanta namiji ya taɓa cikinta, babu kuma mijin da zai yarda. Da ta zo, sai ranar Laraba ta zama ranar mata. Har daga wajen Burkusuma ake kawo su bisa babur. Tana da hannu, tana da haƙuri, ba ta da yawan magana. Idan babu ita, rabin aikin asibitin ya tsaya.

Shekarun farko a wani gidan ƙasa muke aiki, wanda mai gari ya ba mu aro. Zaure nawa ne da maza. Cikin gida na mata ne, da inuwar darbejiya, da randa biyu a gindinta, da makewayi can a kusurwa bayan katanga kamar na kowane gida. Ni ban son gidan. Rufin yana yoyo, gara tana cin kati, kuma ban iya ganin abin da ake yi a ciki sai na yi sallama an amsa. Takarda bisa takarda na rubuta ina neman gini.

Da Allah ya sa aka amince, injiniya ya zo da zane. Ɗaki huɗu a jere: ofishina, ɗakin magani, ɗakin allura, ɗakin haihuwa. Makewayin ma'aikata ya zana shi a baya. Ya tambaye ni ko akwai gyara, na ce akwai. Na ce a dawo da shi gaba, ƙofarsa ta kalli tagar ofishina. Ina tsoron in yana baya 'yan jinya da masu wucewa su ɓata shi, ni kuwa a kan tsabta ba na sassauci.

Injiniya ya ce, "Incaj, ka tabbata? A gaba fa rumfar jira take, nan maza za su zauna."

Na ce masa hakan nake so, in ana ganin mutum ba zai ɓata wuri ba. Ya ɗauki biro ya gyara.

Da muka tare na kafa dokoki uku. Na ɗaya, makewayi yana rufe da ƙwado, makulli a rataye jikin ƙusa bisa teburina, mai so ya zo ya karɓa. Na biyu, babu randa a cikin ɗakuna, saboda sauro da jiƙa ƙasa. Randa ɗaya ce, a rumfa. Na uku, maigadi ba ya barin rumfa daga buɗewa zuwa tashi. Ina alfahari da waɗannan dokoki. Duk baƙon da ya zo duba aiki, makewayin nake fara nuna masa.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne, Baba Nomau yayan mahaifin mijin Saratu ne. Ba wai ban sani ba. Na je ɗaurin auren. Kaina ne kawai bai haɗa wannan da wancan ba.

Abin da idona ya gani dabam ne. Na ga ma'aikaciya tana shiga ɗakin haihuwa ƙarfe takwas, ba ta fitowa sai la'asar. Da alwalar gida take sallar azahar. Ɗakin rufin kwano ne, tsakar rana kamar an hura wuta, amma in an kawo fura ko kunu sai ta ce ta ƙoshi. Na ɗauka azumin nafila take yi, tunda gidan malamai ta fito. A taron ma'aikata na ce wa sauran, "Ku dubi Malama Saratu, ko sau ɗaya ban ga ta bar wurin aikinta ba." A fom ɗin ƙarshen shekara, wanda Incaj ke cikewa don ƙarin girma, haka na rubuta da hannuna.

Bazara ta biyu Malama Saratu ta fara zazzaɓi. Sau biyu ina ba ta maganin zazzaɓin sauro, ya lafa ya dawo. Wata Litinin ta karɓi haihuwa, ta gama wanke jinjiri, ta dafa bango ta zame ƙasa tana riƙe da kwiɓi. Mijinta ya kai ta babban asibiti a Sabon Birni. Da yamma ya kira ni ya ce likita ya ce ciwon mafitsara ne, ya daɗe a jikinta har ya hau ƙoda.

Wanshekare ne Inna Tumba ta zauna a gabana. Tsohuwa ce, ta haife ni, amma ba ta taɓa zama a ofishina ba sai ran nan.

Ta ce, "Incaj, kai da ka yi boko, mi ke kawo ciwon ga na Saratu?"

Na ce abubuwa da dama, amma yawanci ƙarancin shan ruwa da riƙe fitsari.

"To. Tun da munka shigo ginin ga, sau nawa ta zo ta amshi makulli gare ka?"

Na tsaya ina tunani. Ban samu ko ɗaya ba.

"Ba ka samu, don babu. Ɗiyar mutane ta taso ta tsaya gaban teburinka ta ce, Incaj, ba ni makulli? Ta ɗauki buta ta ratsa gaban maza, gaban Nomau, surukinta, ta tsaya tana kokawa da ƙwado kowa na ji? Ko ni da haƙorana sunka zube, gidan maƙwabta nika zagayawa. Ita ko ba ta da damar barin mai naƙuda. Sai ta bar shan ruwa. Tun asuba take yankewa."

Na ce, "To Inna, me ya hana ta faɗa mini?"

"Ta hwaɗa maka mi? Da wane baki? Kai matarka, in babanka na zaure, ta gabanshi take bi da buta? Wuri dai ka tsabtace, Incaj, na shaida. Ko tuwo anka zuba cikin makewayin ga ana ci. Ranar da ka yabe ta gaban mutane, ɗaki ta koma ta yi kuka."

Ta tashi ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Na fita rumfa na samu Baba Nomau. Ban san ta inda za ni fara ba, shi ya sauƙaƙa mini. Ya ce, "Ni na lura tun da wuri. In na ga yarinyar ta leƙo, tashi nika yi in zaga bayan gini kamar ina duba wani abu. Kai ka kira ni ka ce in ka sake ganin rumfa babu ni, takardar gargaɗi za ka ba ni. Sai na zauna."

Na tuna ranar. Har yatsa na nuna masa.

A makon nan na kira magini. Aka toshe ƙofar makewayin da bulo, aka fasa wata ta baya. Aka fasa wa ɗakin haihuwa ƙofa ta baya shi ma, aka ja zana daga nan har makewayin, yadda mai fita babu idon da zai gan ta. Na cire ƙwado, aka sa sakata ta ciki. Aka kafa ƙaramar rumfa cikin zanar, da randa da moda da tabarma, na dasa darbejiya. Baba Nomau na mayar da shi bakin ƙofar shiga. Bai kai mako biyu ba aka gama, ni kuma ina ganin na gyara ɓarnata.

Sai ga mijin Malama Saratu da takardarta ta neman sauyin wurin aiki zuwa ƙasar Isa, kusa da iyayenta. Shi ma ya nemi nasa. Tsarin shi ne, irin wannan takarda tana fara biyowa ta hannun Incaj ya rubuta ra'ayinsa, sannan Daraktan lafiya na ƙaramar hukuma, sannan Sakkwato. Na riƙe ta na tafi Sabon Birni wurin Darakta.

Ya karanta ya ce, "Ba ni da wata unguwarzoma da za ni ba ka yanzu. In ka rubuta cewa babu madadinta, ni kuma za ni danne takardar. In ka rubuta ka amince, to ka san ɗakin haihuwarka ya rufe sai yadda Allah ya yi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni kwana biyu."

Na je gidan su Malama Saratu da la'asar. An sallamo ta, tana kwance a ɗaki. Mijinta ya shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, labule tsakaninmu. Na gaishe ta da jiki, na ba ta haƙuri, sannan na jera mata abin da aka yi ɗaya bayan ɗaya, ƙofa da zana da randa da sakata. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Incaj, Allah shi saka da alheri. Wallahi ba fushi nika yi ba. Amma da magini yana fasa bangon nan, duk mai wucewa ya tsaya ya tambayi dalili, an kuma gaya mishi. Yanzu ƙauyen ga babu wanda bai san abin da ya kwantar da ni ba. Har Baba ya sani. Da wane ido za ni durƙusa in gaishe shi da sahe?"

Ban yi wannan tunanin ba. Da rana tsaka na sa aka yi aikin, ina tsaye ina ba da umarni da ƙarfi, wanda ya tambaye ni kuwa na yi masa bayani cikakke, don a san na karɓi kuskurena. Abin da ta ɓoye kusan shekara biyu, da jikinta ta biya, ni na baza shi cikin mako biyu.

Da a ce na rubuta babu madadinta, da ta zauna, don ba mai musu ba ce. Na san haka sarai. Na koma ofis na rubuta na amince, na sa hannu.

Daga wannan damina har wata bazarar ba mu da unguwarzoma. Laraba ta farko mata sun zo, suka ga ba ta nan, suka juya. Ta biyu kaɗan suka zo. Daga nan benci ya zauna babu kowa. Inna Tumba tana share ɗakin haihuwa kowace safiya, ta cika randar bayan zana, da yamma ta zuba wa darbejiya ruwan tunda babu mai sha. Nakan ji an yi haihuwa mai wuya a gida kaza, an ɗauki mace bisa babur zuwa Sabon Birni. Daga baya aka turo wata unguwarzoma. Ta ji daɗin wurin, ta taɓa cewa ba ta ga asibitin ƙauye da aka yi wa mata tanadi irin wannan ba.

Sau ɗaya na ƙara ganin Malama Saratu, a wani taron bita a Isa. Ta yi ƙiba, lafiyarta ta dawo. Ta risina ta gaishe ni, ta tambayi Inna Tumba, na ce ta rasu. Ta tambayi matan ƙauyen da sunayensu, gida-gida, har da yaran da ta karɓa. Wasu na sani, wasu ban sani ba. Da za mu rabu ta ce, "Incaj, nakan yi mafarkin ina can."

Yau shekaru ke nan ban taka ƙauyen ba, hanyar ba ta biyuwa kamar da. Mutanen da muka yi aiki tare sun watse, wasu suna Sabon Birni, wasu sun ƙetara Nijar. Na riƙe asibitoci uku bayan wannan, sun fi shi girma da kaya, amma ban sake aiki da unguwarzoma irinta ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Mutanenmu, musamman mata, ba su kawo ƙorafi a kan irin wannan buƙata. Za su yi shiru su matse jikinsu, kai kuma ka rubuta a fom cewa masu ƙwazo ne. Kafin ku ce ga inda ƙofa za ta kalla, ga inda randa za ta zauna, ga wanda zai riƙe makulli, ku aiki mace ta tambayi mata, ku kuma san wa ke jin kunyar wa a cikin ma'aikatanku. In kun gano kun yi kuskure, ku gyara shi a hankali, ba tare da kun tara jama'a ba. Ni duka kurakuran biyu na yi, kuma matan ƙauye guda ne suka zauna kusan shekara babu mai karɓar haihuwarsu.