Ƙarfen da Issoufou Ya Raba wa Layinsu

Shekara biyar na yi ina aiki da Issoufou a wani mustauda, wato babban sito na kayan gini, a unguwar Sulay ta birnin Riyad. Ni ina tuƙa motar ɗaga kaya, shi yana walda. Ba ni da yawan yabon mutane, zaman Riyad ya cire mini wannan. Amma abin da mutumin nan ya liƙe ba ya sake ɓallewa. Ko mudir ɗinmu, wato manaja, Bamisire mai faɗan tsiya, in ya iso wajen Issoufou sai ya duba aikin ya wuce, don ba ya samun abin cewa.

Mutumin Nijar ne, dogo, siriri, ya ba hamsin baya. Yana da wani busasshen tari da ba ya barinsa rani da sanyi. Ɗakinmu ɗaya a masaukin ma'aikata, mu shida. Ina ce masa Baba Maƙeri, shi kuma yana ce mini Alhajin Surutu, wai duk ɗan Najeriya da lasifika a wuya aka haife shi.

Wani abu na fara lura da shi tun watan farko. A wurinmu, ragowar ƙarfe da yankakken bututu na ma'aikata ne, kowa na kwasa ya sayar wa masu gwangwan. Issoufou ba ya taɓawa. Wata rana na kawo masa guntayen bututu na ce ya haɗa mini ɗan teburin ɗora butar shayi.

"Daga ina ƙarfen ya fito?" ya ce.

"Daga bayan mustauda mana."

"Kafin bayan mustauda fa?"

"Baba Maƙeri, tebur nake so, ba auren bututun zan yi ba da za ka tambayi asalinsa."

Bai yi dariya ba. Ya ce in sayo sabon ƙarfe zai yi mini kyauta, amma wannan ba zai sa masa wuta ba. Na ji haushi na kwashe kayana. Sai ranar Juma'a bayan mun ci abinci ya zaunar da ni ya ba ni labarin.

Shekara goma sha tara ya yi yana walda a wani kamfanin haƙar yuraniyom a arewacin ƙasarsu. A can, in an canja bututu ko tanki a sashen wanke ma'adini, tsohon sai a jibge shi bayan shinge. Shugaban sashensu kan ce wa ma'aikata kowa ya ɗauki abin da yake so, alheri ne. Ƙarfe ne mai kauri wanda ba a samun irinsa a kasuwa. Wasu suka riƙa sayarwa. Issoufou bai taɓa sayar da ko guntu ba. Shi abin da ya ɗorar wa kansa, duk yarinyar da za a aurar a layinsu, gudummawarsa gadon ƙarfe ne ko tankin ruwa. Wanda ya yi sabon ɗaki ya yi masa ƙofa. Mata masu tuyar ƙosai da waina ya yanka musu kasko daga cikin tanki. Har waƙa 'yan mata ke yi masa ranar kai amarya. Matarsa Mariamou ta yi shekaru tana shan ruwan tankin da ya haɗa mata. Ta rasu a 2007 bayan doguwar jinya, likita bai gaya musu sunan ciwon ba.

Bayan ya zo Riyad ne wani tsohon abokin aikinsa, Jibrin, ya bugo masa waya. Ya ce wasu baƙi sun shiga kasuwar garin da wata na'ura, suna kara ta jikin tarkacen ƙarfe, wani ta yi shiru, wani ta kama ƙara. Sun ce irin wanda ta yi wa ƙara bai kamata ya kwana kusa da mutum ba.

"Talatin da ɗaya," in ji Issoufou. "Gado goma sha biyu, tanki bakwai, ƙofa takwas, kasko huɗu. Na san gidan da na kai kowanne. Ɗiyata Biba a kan ɗaya daga cikin gadajen take kwana da 'ya'yanta."

Na ce to ya gaya musu su zubar mana. Ya ce ai ya gaya musu. Ya bi su gida-gida a waya har katinsa ya ƙare. Wasu suka yi dariya. Wani ya ce masa, kai kana Saudiya kana shan sanyin na'ura, za ka ce mu cire ƙofa mu kwana a buɗe? Wata tsohuwa ta ce in guba ce me ya sa hukuma ba ta faɗa a rediyo ba? Mutum biyu da suka ji maganarsa suka fitar da nasu waje, kafin la'asar masu gwangwan sun ɗauke, ƙarfen ya koma kasuwa, yanzu ba wanda ya san gidan da ya shiga.

Saboda haka abu ɗaya yake nema. Hukuma ta aiko mutum da na'urar nan, ya bi layin gida-gida ya gwada, wanda ya yi ƙara a kwashe a kai inda ba mai taɓawa. Ba ya neman diyya. Ya ce in mai hular gwamnati ya tsaya a ƙofar gida ya ce a fitar, za a fitar.

Akwai wani ɗalibi ɗan ƙasarsu, Oumarou, da ke karatun shari'a a jami'a a nan Riyad. Shi ke rubuta masa takardu da Faransanci. Sun aika huɗu kafin in san su. Amsa ɗaya ta zo, layi uku, wai an karɓi takardun ƙorafinsa ana nazari.

A 2014 Issoufou ya ji labari a rediyon wayarsa cewa wasu ƙananan tsibirai a tsakiyar teku, Tsibiran Marshall, sun kai manyan ƙasashe masu makaman nukiliya ƙara kotun duniya. Ya sa Oumarou ya nuna masa wurin a taswira. Ya daɗe yana neman su da yatsa kafin ya gani. Oumarou ya yi masa bayani cewa a can Amurka ta yi ta gwada bama-bamanta shekaru sittin da suka wuce, aka kwashe mutane daga tsibiransu, wasu har yau ba su koma ba. Ya kuma gaya masa wannan ƙarar ba ta gyaran tsibiran ba ce, so suke a matsa wa manyan su ajiye makaman. Issoufou bai kula da wannan bambancin ba.

"Irin dutsen da muka haƙa ne ya sauka a kansu," ya ce. "In alƙali ya saurare su, namu ma za su ji kunya."

Na ce, "Baba Maƙeri, ka taɓa ganin gwamnati ta ji kunya?"

"Kai dai ba ka yarda da kowa ba."

"Na yarda da wanda ya yi. Wanda ya ce zai yi, sai na gani."

Daga nan duk sati sai ya tambayi Oumarou ina aka kwana a shari'ar mutanen teku. Haka yake kiransu.

Shekarar da ta biyo baya aka ce wani babban jami'i daga ƙasarsu zai biyo ta Riyad bayan ya yi Umra, zai gana da 'yan ƙasa a wata istiraha, irin gidan taron nan da ake kamawa haya. Issoufou ya yi sati biyu yana shiri. Oumarou ya sake rubuta takardar, da sunan kowane gida da abin da ke cikinsa. Issoufou ya je kasuwar Utaiƙa ya sayo kwalin dabino mai kyau, wanda shi kansa bai taɓa ci ba. Na raka shi, don a tasi ɗaya kuɗin ya fi sauƙi, kuma na ji an ce akwai kabsa, shinkafar nan ta Larabawa da nama.

Jami'in ya yi jawabi na awa ɗaya da rabi. Ya ce 'yan ƙasa da ke waje su ne idon ƙasa. Da aka ba da dama Issoufou ya miƙe, tari ya riƙe shi, ya jira ya lafa, sannan ya faɗi maganarsa a cikin minti uku. Bai ƙara gishiri ba.

Jami'in ya taso da kansa ya riƙe hannunsa biyu. "Baba, wallahi ka taɓa mini zuciya. Wannan magana da kaina zan kai ta. Ka ɗauka an gama."

Aka tafa. Aka ɗauki hoto, Issoufou na miƙa ambulan da kwalin dabino. Jami'in ya miƙa su ga wani mai jaka da ke bayansa.

Ni na tsaya taya masu wurin tattara kujeru, don sun ce wanda ya taya zai tafi da ragowar shinkafa. A kan teburin manyan baƙi, ƙarƙashin farantin ƙasusuwa, na ga ambulan ɗin. Mai ya jiƙa gefensa. Ba a ko buɗe ba. Dabinon kuwa sun tafi da shi.

A tasi Issoufou sai murna yake, yana cewa ka ga yadda ya riƙe hannuna? Na yi niyyar in yi shiru. Amma ban iya ba. Na ciro ambulan ɗin na ɗora masa a cinya. Ya dube shi har muka wuce fitilar ba da hannu biyu.

"Ƙila mantuwa ce," ya ce.

"Bai manta dabino ba."

"Dalhatu, ka bar ni."

Wannan ne karo na farko da ya kira ni da sunana. Washegari ya sayi sabon ambulan ya aika ta gidan waya. Ba a amsa ba.

A watan Oktoba na 2016 Oumarou ya zo mustauda lokacin hutun azahar. Muna zaune a inuwar wata kwantena muna cin burodi da wake. Ya gaya masa kotun ta ce ba ta da hurumin sauraren ƙarar mutanen Marshall. Issoufou ya tambaya ko an ce ƙarya suka yi. Oumarou ya ce a'a, ba a kai ga duba maganar ba ma.

"Suna da tuta?" ya ce.

"Suna da ita."

"Da shugaban ƙasa, da lauyoyi?"

"Duka."

"Aka ce musu ba a nan ba." Ya ajiye burodin. "To ni da ambulan ɗaya fa?"

Mudir ya leƙo yana yalla yalla, muka tashi.

Daga ranar bai sake aika takarda ba. Ya yi aiki wata bakwai ba hutu, har Juma'a yana karɓar walda a wani gareji. Ya sayi gadaje na katako a waya ta hannun Jibrin, da robobin ruwa manya. Sannan ya je wajen kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya nemi bizar fita ta ƙarshe, ya miƙa iƙamarsa, katin izinin zama. Na ce masa hauka yake, mutum mai shekarunsa in ya bar Riyad ba ya dawowa, kuma aikin da yake shirin yi na hukuma ne ba nasa ba.

"Ni na raba," ya ce. "Tunda su ba za su karɓo ba, ni zan karɓo."

"Ka kai ina?"

"In na je na gani."

Na kai shi filin jirgi a motar wani ɗan garinmu. Ya bar mini butar shayinsa.

Mukan yi waya jefi-jefi. Ta ƙarshe da muka yi doguwa a 2018 ce, ina zaune a kan motar ɗaga kaya ina jiran tirela. Muryarsa ta dushe, sai ya yi magana kaɗan ya tsaya ya huta. Ya ce ya karɓo goma sha uku, na Biba shi ne na farko. Da amalanken jaki yake bi, ya ba mutum gadon katako ya ɗauki na ƙarfe. Ya je ofishin gari ya tambayi inda zai kai su, aka ce maganar kamfani ce. Ya je ƙofar kamfani, mai gadi ya shiga ya fito ya ce an ce ya kawo shaidar cewa ƙarfen nasu ne. Ya kai su bayan gari ya tona rami ya rufe, kwana biyu masu gwangwan suka tone suka tafi da ƙofa biyu. Sai ya kwaso sauran goma sha ɗayan ya dawo da su gidansa.

"Gidanka? Inda kake kwana?"

"A tsakar gida na jibge su, na rufa da tabarma. In na matsa za a sace. Na hana jikokina shigowa, a bakin ƙofa muke gaisawa."

"An zo an gwada?"

"Ba wanda ya zo."

"To ka ma san ko suna da gubar?"

"Ban sani ba, Alhajin Surutu. Ƙila rabinsu lafiya lau ne na raba mutane da kayansu a banza. Ƙila duka ne. Ba ni da na'ura."

Na tambaye shi tarin, ya ce yana nan. Sannan ya ce in kashe wayar, mai jaki ya iso, za su gidan wata Hansai karo na huɗu. Ta ce a kan gadon nan ta haifi 'ya'ya shida, ba ta ba da shi sai hukuma ta zo da kanta ta ce mata ta bayar.