Jakin da Ya Ƙi Shiga Baƙuwar Ƙofa

A gidanmu na Rijiyar Lemo, tatsuniya ba ta zuwa sai an idar da magariba, Iya ta ɗora kaskon gyaɗa a murhu. Kakata ce ta wajen uba. Ni take kira angonta, kullum kuma tana ƙorafin ta auri malalaci.

"Ga ta nan ta iso, ku matsa mata ta zauna," in ji ta, tana juya gyaɗa cikin yashi.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta fatake biyu da tsufa ya hana su tafiya, kowa ya koya wa jakinsa kai gishiri birni shi kaɗai. Na farko ya koya wa nasa ƙirgen taku: in ya cika, ya sunkuya ya shiga ƙofar birni. Na biyu ya ce wa nasa ya riƙa duban ƙofa. In ya san ta ya shiga, in baƙuwa ce ya tsaya ya yi ta kuka har a zo. Ana nan damina ta rushe ƙofar, kududdufi ya kwanta a gurbinta. Jakin farko ya cika ƙirgensa ya afka ruwa, gishiri ya narke. Na biyu ya toge yana kuka, ana ta zaginsa, kayansa kuwa a bushe.

Na ce, "Iya, ai na biyun matsoraci ne."

"Ci gyaɗarka, ango. Wanda bai iya tsayawa ba, ba a aikensa."

Yau gyaran kwamfuta nake yi a Sabon Gari. Saka manhaja aiki ne mai gundura: akwati ya fito a allo ka danna "ci gaba", wani ya fito ka danna "na yarda". Sai na rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta riƙa dannawa da kanta. Hanya mafi sauƙi ita ce ta ɗan jira, ta danna wuri ɗaya ko me ya fito. Na tuna gishirin nan, na sa ta karanta kowane akwati tukuna, in ba ta san shi ba ta tsaya ta yi ƙara.

Kwanaki Madam Ngozi, mai ɗinki a layinmu, ta kawo kwamfutarta. "Malam, don Allah ka kula," in ji ta. "Muryar maigidana marigayi tana ciki, yana waƙar coci. Ba ni da ita a ko'ina."

Na sa aiki na juya ke nan, sai ƙara. Baƙon akwati ne, yana tambaya ko a share tsofaffin fayiloli a ba manhaja wuri. "E" ɗinsa yana daidai inda "ci gaba" ya saba zama. Na danna "a'a", na kwafe muryar gefe, na yi wa Iya addu'a.

Da ina yaro na ɗauka tsoro take koya mana. Ashe amana take nufi: kayan da ke bayanka ba naka ba ne, mai shi kuma ba ya kusa.

Da yamma Madam ta kunna waƙar a shagona, ta ja kujera ta saurara har ƙarshe.