Teburin Lahadi a Shagon Michiyo

Urabe Michiyo ba gwanar wasan karta na poka ba ce, amma a unguwarsu ta bakin teku a Onomichi, in aka ambaci wasan, sunanta ke biyo baya. Ita ke raba karta, ita ke raba gardama, ita ke dafa kofin da ake kurɓa ana gardamar.

Tana budurwa ta yi aikin sayar da tikiti a tashar jirgin fito. Nan ta haɗu da Noboru, bakaniken injin jirage, wanda ya koyi wasan a wurin matuƙan ƙasashen waje. Da suka yi aure suka buɗe ɗan shagon kofi a gindin tudu, Noboru ya riƙa tara abokansa duk Lahadi bayan abincin rana. Ba a sa kuɗi: doka ta hana, Michiyo kuma ta fi doka tsanani. Ƙwayoyin roba ake turawa tsakiyar tebur, wanda ya fi kowa ci daga fitowar furanni zuwa shigowar sanyi shi ne gwanin shekara, a ba shi kujerar bakin taga. Da yake aikin inji ya sa yatsun Noboru sun yi kanta, karta na zame masa, sai matarsa ta karɓi rabon.

Ba su samu haihuwa ba. Da Noboru ya rasu ta rufe shagon, kowa ya ɗauka teburin ya watse ke nan. Wata Lahadi ta leƙo ta tagar bene, ta ga tsofaffin tsaye a ƙofar shago cikin yayyafi, kowa da laimarsa, babu wanda ya ƙwanƙwasa. Ta sauko ta buɗe, ta ce kofin ya kwana biyu a gwangwani, mai ƙorafi ya koma gida. Duk suka shige.

A cikinsu akwai mutum biyu da ba sa rabuwa kuma ba sa shiri. Kyaftin Hamaguchi, tsohon matuƙin jirgin fito, mutum ne mai fuska kamar dutse, sai ya riƙe kartar banza ya yi ta burga har masu karta mai kyau su tsorata su janye. Shi kuwa Tsuboi, mai lambun lemo a tsibirin ƙetare, bai iya ɓoye komai ba. Da zarar ya ɗaga karta mai kyau, kunnuwansa su yi jajawur. Tun suna makaranta suke tsokanar juna. Kyaftin na ce masa Ɓawon Lemo, shi kuma yana ce masa Kwalekwale Mai Yoyo.

Michiyo ce ta fara lura Kyaftin na kai karta har hancinsa kafin ya ajiye. Rannan ya baje kartarsa da gadara ya ce sarki biyu ne, alhali ɗayan sarauniya ce. Aka kwashe da dariya, an ɗauka sabuwar burga ce, shi ma ya taya su. Ita kaɗai ta gane ba burga ba ce, idonsa ne. Ta sayo karta mai manyan lambobi, ta ce tsohuwar ta yi dauɗa. Hakan ya taimaka na ɗan lokaci, daga baya Kyaftin ya daina zuwa, ya aiko cewa gwiwa ce ke damunsa.

Wata safiya ta rufe shago, ta zuba shinkafa da kifi a kwano, ta hau matakalar tudun tana hutawa har gidansa. Ta tarar da shi a baranda ya fuskanci teku. Bai gane ta ba sai da ta yi magana. Likita ya gaya masa tsakiyar idon ta mutu, gefe-gefe kawai ya rage.

Ya ce, "Mama, ni da na sha shigar da jirgi tasha cikin hazo, yau a ce sai an karanta mini karta? Ki bar ni da mutuncina."

Ta buɗe kwanon, ta sa masa tsinken cin abinci a hannu. Ta ce ba lallashi ya kawo ta ba, ƙara ta kawo: tun da ya daina zuwa Tsuboi ya rasa wanda zai zaga, yana zaune shiru kamar an aiko masa da mutuwa, har kofi ya daina yi wa mutane daɗi. Kyaftin ya ci abincin. Da za ta tafi ya tambaye ta ko har yanzu kunnuwan Tsuboi na yin ja.

Lahadin da ta biyo ta kafa sabuwar doka: ɗan wasa na iya zuwa da mai duba masa karta ya raɗa masa a kunne, amma mai dubawar ya fita daga gasar. Kowa ya san da wa ake. A shekarar nan kuwa Tsuboi ne a kan gaba, karo na farko a rayuwarsa, kujerar taga na gab da zama tasa. Ya ture ƙwayoyinsa gaban Michiyo, ya ce dama wasan ya ishe shi, kuma iskar taga na sa shi mura. Shi ya je ya riƙo hannun Kyaftin suka sauko, suna faɗa tun daga sama kan wanda ke saurin tafiya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Tsuboi na duba kartar, kunnuwansa su sanar da tebur abin da ke ciki tun kafin ya raɗa. Kyaftin ya yi ta shan kashi, yana cewa gara makanta da irin wannan ido. Michiyo ta kawo hular ulu mai rufe kunne, Tsuboi ya sa ana tsananin zafi, sai jan ya koma hanci, aka cire.

Sai wata rana, ana tsakiyar wasa, bayan Tsuboi ya raɗa masa, Kyaftin ya jawo shi ya mayar masa da wata raɗar. Nan take kunnuwan suka yi ja kamar garwashi. Kyaftin ya ture duk ƙwayoyinsa tsakiya. Kowa ya dubi Tsuboi ya janye, har da Malama Irie, tsohuwar nas, wadda ke riƙe da sarki uku. Da aka buɗe kartar Kyaftin, kartar banza ce, biyu da bakwai. Ashe sunan wata yarinya ya raɗa masa, wadda Tsuboi ya taɓa kai wa kwandon lemo suna samari, ya kasa magana ya gudu.

Malama Irie ta ce wannan maguɗi ne. Michiyo ta ajiye kartar tana share hawayen dariya da gefen rigarta, ta ce, "Ni karta nake tsaro, Malama. Kunnen Tsuboi ba ya cikin dokata."

Kyaftin bai ci gasar shekarar ba, wani mai kantin magani ne ya ci. Da sanyi ya shigo, 'yar Kyaftin ta zo ta tafi da shi Hiroshima, don matakalar tudun ta fi ƙarfinsa. Michiyo na nan tana rabo. Yatsunta sun fara ciwo, hannunta ya rage sauri, babu mai gaggauta ta.

Tsuboi kan hau jirgin ƙasa lokaci-lokaci ya je ya ba abokinsa labarin tebur, rabi gaskiya rabi ƙari. Michiyo kan naɗe masa wainar shinkafa mai zaƙi ya kai, ta ja masa kunne kada ya taɓa a hanya. Da yamma wayar shago kan yi ƙara, ta ɗauka ta ji muryar Kyaftin yana cewa wainar ta iso, amma ya shafa akwatin ya ji gurbin wadda aka ci. Ta kan ce ya yi haƙuri, zuwa na gaba za ta ɗaure da igiya biyu.