Hankakan da Na Kira Shamuwa

Mutanen unguwarmu a Gwandu sun gama yanke mini hukunci. Wai saurayi nake zuwa jira a lambun mangwaro na bakin fadama, shi ya sa nake fita da waya tun da hantsi. Wasu suka ce a'a, iska ce ta taɓa ni, don mai hankali ba ta zama awa biyu tana kallon reshe. Duk ba su canka ba. Hoton tsuntsaye nake ɗauka, kuma ban ga ranar dainawa ba. Su ɗin ma ba su dame ni ba kamar Baffana na Kalgo, ƙanen mahaifina, da ya ce zai sare tsamiyar gidan kakanmu don wai shamuwa ta daina sauka a kanta. Yaushe rabon da ya ɗaga kai ya duba? Ni na san abin da ake kira dubawa, don ba a banza na koye shi ba.

Ina 'yar shekara tara aka kai ni Kalgo wurin kakana. Idonsa ya riga ya yi rauni, inuwar mutum kawai yake gani. Yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: ko ruwa ya sauka, ba a shuka gero a gonarsa sai shamuwa ta iso ta fara tara ƙirare a tsamiyar ƙofar gida. Ya ce ruwan fari yakan yi yaudara, ita kuwa ba ta baro inda take sai damina ta tabbata. Da can shi ke dubawa da kansa. Da ido ya tafi, sai aikin ya dawo kaina. Kullum bayan kunun safe a shimfiɗa mini tabarma a gindin tsamiya, in zauna in ta kallon sama.

Ku da ba ku san bazarar Kalgo ba, ba za ku gane azabar zaman nan ba. Ƙasa ta ɗau zafi, tururuwa na hawan ƙafa, ga 'yan uwana mata suna wucewa za su tsinko mangwaro suna yi mini gwalo. A shekarar an yi ruwa sau ɗaya, mai ƙarfi, har ƙamshin ƙasa ya cika gari. Maƙwabta suka fara ɗaukar sungumi. Kaka ya ce a jira. Kwana huɗu ina zaune. A na biyar wani tsuntsu baƙi mai farin ƙirji ya sauka can ƙololuwa. Zuciyata ta san hankaka ne. Amma baƙi da fari ai baƙi da fari ne, ni kuma na gaji. Na ruga ina cewa shamuwa ta zo.

Bai tambaye ni komai ba. Ya yi hamdala, ya sa aka sauko da zangarniyar geron da ya rataye a ɗakinsa tun lokacin girbi, irin da ya zaɓa da hannunsa yana shafawa ɗaya bayan ɗaya. Washegari aka shuka. Gero ya tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke. Sati uku ba ko ɗigo. Ina gani tsiron ya lanƙwashe, ya yi ja, ya ƙone. Shamuwa ba ta iso ba sai bayan nan, su shida, da dogayen ƙafafunsu. Tsohon da bai taɓa roƙon iri ba, shi ne ya dogara sanda zuwa gidan maƙwabci da ƙwarya a hannu.

Na jira duka, bai zo ba. Sai wata safiya Kaka ya zauna kusa da ni a tabarma.

"Ke ɗiya, mi kig gani rannan?"

Na ce hankaka.

"To yau ki hwaɗa min hankaka. Ƙahwa tai, baki nai, yadda yaka tashi. Na daɗe ban gane shi ba."

Haka muka yi daminar nan. Duk tsuntsun da ya sauka sai na zana masa shi da baki, kuma in na yi gaggawa ya ce in sake. Ta haka na san shamuwa tana miƙe wuya in tana tashi, zalɓe kuwa naɗe nasa yake yi. Na san namijin marai ke saƙa gida, mace ta zo ta duba, in bai yi mata ba ta yi gaba abinta. Wannan ya ba Kaka dariya har da tari. Ya ce ashe halina a tsuntsu aka samo shi.

Ya rasu ina aji biyu na sakandare. Da na samu waya, abin da na fara ɗauka kurciya ce a kan katangarmu, hoton ya fito kamar tabon miya. Yanzu na iya. Na san ba a bin tsuntsu, zama ake yi ya zo, kuma rana a bayanka ake son ta. Innata tana cewa da wannan haƙurin a kan tukunyar tuwo na sa shi da ta huta.

Shekaranjiya na kira Baffa. Na gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan na tambayi zancen tsamiya. Ya ce shago zai gina a wurin, ya riga ya yi magana da mai injin yankan itace, nan da kwana goma. Ya ce yanzu rediyo ke faɗin lokacin shuka, wa ke jiran tsuntsu. Na ce masa, Baffa, shamuwa suna zuwa, bara ma na ga sheƙarsu. Ya yi dariya.

"To malamar tsuntsaye, kawo min hotonta bisa tsamiyag ga, in bar miki iccenki."

Goggona tana gefensa, na sa ya maimaita a kunnenta, ya maimaita.

Matsalar ita ce bazara ba ta yi nisa ba, babu tabbacin za su iso cikin kwana goma. Yayata ta ce ai ina da hoton shamuwa na bara da na ɗauka a lambu, in nuna masa shi kawai, Baffa bai san bambancin reshen mangwaro da na tsamiya a waya ba. Na ce mata ta bar zancen.

Gobe da safe zan hau motar Kalgo da tabarmata da cajar waya. Zan zauna a gindin tsamiyar nan daga hantsi zuwa la'asar, kowace rana. In shamuwa ta riga mai inji isowa, na ɗau hotona na kai wa Baffa. In shi ya riga ta, zai tarar da ni zaune a kan saiwa, sai Baffa ya zo ya ɗaga ni da hannunsa a gaban mutanen gari.